Ihu Bayan Hari: Dokokin Hana Kiwon Mesa A Amurka

Idan aka gaya wa mutumin karkara a ƙasarmu cewa akwai ƙasar da sai da hukuma ta kafa doka, ta tanadi tara da ɗauri, kafin mutane su daina ajiye mesa a ɗakunan kwanansu, zai ɗauka ba'a ake yi masa. A wurinmu mesa abar daji ce. In ta shigo gari taron dangi ake yi mata, in kuwa an gan ta a wuyan mutum, to gardi ne ya fito da ita kasuwa neman abin sakawa a baki. Amma a Amurka, tun daga wajejen 1970, kiwon macizai ya zama abin sha'awa kamar yadda wasu a nan suke kiwon tantabaru, har ya zama babbar sana'a mai kantuna, da gidajen ƙyanƙyasa, da kasuwannin baje koli. Ɓarnar da ta biyo bayan wannan sha'awa, da dokokin da aka yi ta kafawa don a shawo kanta, abin lura ne ga duk wanda aikinsa ya shafi tsara doka ko zartar da ita.

Mesar da ta fi jawo maganar ita ce wadda ake kira mesar Bama. Ba Bama ta Jihar Borno ba, Bama ta nahiyar Asiya, wadda sojojinmu suka yi yaƙi a dazuzzukanta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda yanzu ake kira Myanmar. Ana samun wannan mesa a can da maƙwabtanta, irin su Tailan da Biyetnam da kudancin ƙasar Sin. 'Yar uwar tamu ce ta Afirka. Ba ta da dafi. Cafke dabba take yi da haƙora, ta nannaɗe ta, ta matse har jini ya daina gudana, sa'an nan ta haɗiye ta ɗungurungum. Abin da ya sa 'yan kasuwa suka fi son ta shi ne kyawun zanen fatarta da sanyin halinta, don ba ta da saurin faɗa kamar tamu. Lissafin hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ya nuna cewa tsakanin 1996 da 2006 an shigo da wajen 99,000 cikin ƙasar, ban da waɗanda ake ƙyanƙyashewa a can.

A kanti, jaririyar mesa ba ta cika wuce ƙafa 2 ba, kuma akwai lokacin da dala 20 take sayenta. Ɗan makaranta ma yana iya ajiye ta a akwatin gilashi, yana jefa mata ɓera ɗaya a mako. Abin da mai kanti ba ya cika faɗa wa mai saye shi ne, cikin shekara guda tana iya kai ƙafa 6 ko fiye, cikin 'yan shekaru ta wuce ƙafa 12, ta bar cin ɓera ta koma zomaye da kaji, kuma tana iya yin shekara 20 a duniya ko fiye. In ta kai haka mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ta. Gidajen ajiye namun daji ba su karɓa don suna da isassu, wanda ya sayar kuma ba ya mayar da kuɗi. Shi kuma mai ita ba ya son ya kashe abin da ya rena da hannunsa. Sai ya cusa ta a buhu, ya tuƙa mota zuwa bayan gari, ya kwance bakin buhun a gefen ruwa, ya koma gida yana ganin ya yi aikin lada.

A yawancin jihohin Amurka wannan "aikin lada" ba ya kai mesar ko'ina, domin hunturun farko zai kashe ta. A kudancin Jihar Fulorida kuwa ba haka abin yake ba.

Fadamar Everglades

A ƙarshen Fulorida, yamma da birnin Miyami, akwai wata makekiyar fadama da ake kira Everglades. Ruwa ne marar zurfi yake tafiya a hankali cikin doguwar ciyawa daga arewa zuwa teku, da tsibiran itatuwa jefi-jefi. An keɓe wani ɓangare nata ya zama gandun daji na ƙasa a 1947, kuma faɗin gandun ya kai eka miliyan 1 da rabi, watau ya kusa ninka gandun Yankari sau uku. Akwai zafi, akwai laima, akwai ruwa ko'ina, ga tsuntsaye da ƙananan dabbobi waɗanda ba su taɓa sanin maciji mai girman da zai haɗiye su ba. In da za a tambayi mesar Bama irin gidan da take so, da wuya ta ƙara wani abu a kan wannan.

An fara samun labarinta a gandun a 1979. Aka ɗauka ta wani ce ta kuɓuce, ba a damu ba. A watan Agusta na 1992 guguwar da aka sa wa suna Andrew ta afka wa kudancin Miyami, ta rushe dubban gidaje, har da wuraren da 'yan kasuwa suke tara dabbobin ƙetare. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan wannan guguwa, musamman masu sana'ar, domin in guguwa ce ta yi, ba mai laifi ke nan. Masana kuwa suna nuni da cewa inda aka fi samun macizan da farko can ne cikin ƙuryar gandun, nesa da inda guguwar ta rushe gine-gine, wurin da hanyar mota take ƙarewa. Ko wanne ne ya fi yawa, zuwa shekarar 2000 an tabbata mesa ta zauna daram tana hayayyafa.

A 2005 ma'aikatan gandun suka tarar da gawar wata mesa mai ƙafa 13, cikinta ya fashe, ga wutsiyar kada mai ƙafa 6 a waje. Hoton ya zaga duniya, jama'a suka yi ta mamaki, wasu suka yi dariya. Ainihin ɓarnar kuwa ba ta da hoto, domin dabbar da ta ɓace ba a ɗaukar hotonta. Sai a watan Janairu na 2012 aka buga sakamakon wani dogon bincike, inda masana suka yi ta bin hanyoyin gandun da mota cikin dare daga 2003 zuwa 2011, tafiyar kusan kilomita 57,000, suna ƙirga dabbobin da fitila ta haska, sa'an nan suka gwada da irin ƙirgar da aka yi a 1996 da 1997. Wata dabba mai kama da tunku da ake kira rakun, wadda da take damun baƙi da satar abinci, ganinta ya ragu da kashi 99 daga cikin ɗari. Ofosum, mai kama da gafiya, mai goyon 'ya'yanta a aljihun ciki, ita ma kusan kashi 99. Kyanwar daji ta ragu da kashi 87. Zomaye da yanyawa kuwa ba a ga ko ɗaya ba.

Wasu suka ce ai wannan ba hujja ba ce, wata cuta ko sauyin ruwa na iya jawo haka. Sai wasu masana suka saki zomayen fadama a cikin gandun, kowanne da na'urar bin sawu a wuyansa. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa daga cikin zomayen da suka mutu, kashi 77 daga cikin ɗari a cikin mesa aka samo na'urorinsu.

Tafiyar hawainiya

Ba za a ce hukumomi ba su ji gargaɗi ba. Tun a watan Yuni na 2006 hukumar kula da ruwa ta kudancin Fulorida ta rubuta wa Gwamnatin Tarayya takardar roƙo a hana shigo da mesar Bama. Takardar ta shiga ofis. A 2008 aka nemi jin ra'ayin jama'a. A shekarar nan dai Jihar Fulorida ta yi nata ƙoƙarin: duk mai son ajiye irin waɗannan manyan macizai sai ya yanki lasin na dala 100 a shekara, kuma a cusa wa macijin wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lamba, don in an tsince shi a daji a san mai shi. Dabara ce mai kyau a takarda. Sai dai wanda zai je ya yanki lasin ba shi ne mai kai buhu bakin ruwa da dare ba.

Abin da ya motsa 'yan majalisa ba rakun ba ne, ba kuma zomo ba. Ran 1 ga watan Yuli na 2009, a wani ƙaramin gari na tsakiyar Fulorida, aka wayi gari aka tarar da wata yarinya 'yar shekara 2 a mace cikin gadonta, mesar gidan mai ƙafa 8 da rabi ta nannaɗe ta. Ba su da lasin. Shaida a kotu ta nuna cewa macijiyar ta yi kamar wata guda ba a ba ta abinci ba, ta sha fita daga akwatinta, kuma abin da aka rufe bakin akwatin da shi bargo ne. A 2011 aka yanke wa uwar yarinyar da mutumin da suke zaune tare ɗaurin shekara 12 kowannensu. Mako guda bayan rasuwar, Sanata Bill Nelson na Fulorida ya warware wata doguwar fatar mesa a gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa a Washington don 'yan uwansa su gani da idonsu. Ran 1 ga watan Yuli na 2010, shekara guda cif bayan abin ya faru, sabuwar dokar jihar ta fara aiki: ba wanda zai ƙara sayen mesar Bama da wasu manyan macizai don kiwon sha'awa. Waɗanda suke da su da lasin aka bar musu har macizan su mutu.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba. Mutuwar yarinyar abin baƙin ciki ce, amma mesar gida ce ta kashe ta, saboda sakacin manya, kuma dokar da take akwai a lokacin ta riga ta haramta abin da suka yi. Dubban macizan da suke cikin fadama kuwa ba a sami labarin sun kashe mutum ko ɗaya a Fulorida ba. Watau abin da ya fi tayar da hankalin jama'a shi ne wanda ya fi wuyar aukuwa, abin da yake aukuwa kullum dare kuwa ya yi shekaru yana jiran sa hannu. Masana sun yi ta magana a kan daji, majalisa ta amsa a kan ɗaki.

Gwamnatin Tarayya ita ma ta ɗan ƙara sauri. Makamin da take da shi tsohuwar doka ce ta 1900, wadda ake kira Dokar Lacey, da sunan ɗan majalisar Jihar Iowa da ya kawo ta. Dokar ta ba Sakataren Harkokin Cikin Gida ikon ya sa kowace dabba a jerin "masu cutarwa", daga nan kuma shigo da ita ya zama laifi mai ɗaurin da zai kai wata 6 da tarar dala 5,000. A 2009 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto a kan manyan macizai iri 9 masu kisa da matsa. A 2010 aka ba da shawarar a hana dukansu. Ran 17 ga watan Janairu na 2012 Sakatare Ken Salazar ya je har Everglades ya yi shelar hani, amma a kan iri 4 kaɗai: mesar Bama, mesar Afirka iri biyu, ta arewa da ta kudu, da wata macijiyar ruwa ta Kudancin Amurka da ake kira anakonda mai ruwan ɗorawa. Daga takardar roƙo zuwa shela an ci shekara 5 da rabi, macen mesa kuwa tana saka ƙwai 30 zuwa 50 a zama guda, wani lokaci ma fiye.

A 2015 aka ƙara iri 4: sauran anakonda guda 3, da wata mesa ta Asiya mai zane kamar raga, wadda ta fi kowane maciji tsawo a duniya. Na taran, wanda ake kira bowa, aka ƙyale shi. Hukuma ta ce an riga an cika ƙasar da shi, ana ƙyanƙyashe shi ko'ina, hana shigo da shi ba zai yi wani amfani ba. Masu suka kuwa suka ce shi ne kashin bayan cinikin, shi ya sa aka ji nauyin taɓa shi. Duka maganganun biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda.

Kukan masu kiwo

Masu sana'ar ba su zauna sun naɗe hannu ba, kuma adalci ne a ji ta bakinsu. Suka ce matsalar ta kudancin jiha ɗaya ce, don me za a ɗaure hannun mutumin da yake kiwo a jihar da ƙanƙara take rufe ƙasa wata huɗu a shekara? Wata taswira da masanan gwamnati suka fitar a 2008 ta nuna cewa yanayin kusan sulusin ƙasar zai iya dacewa da mesar Bama, amma wasu masana suka musanta ta nan take. Da aka gwada ajiye mesa 10 a wani fili da aka kewaye a Jihar Karolina ta Kudu, hunturun farkon 2010 ya kashe su duka. Sanyin wannan shekara ya kashe da yawa a cikin Everglades ma, sai dai waɗanda suka shige ramuka sun tsira, suka ci gaba da haihuwa. Suka kuma ce karnuka da dawaki suna kashe mutane a Amurka kowace shekara fiye da yadda macizan kiwo suka kashe cikin shekaru masu yawa, ba wanda ya ce a hana kiwon kare.

Maganar sanyi tana da ƙarfi. Maganar kare kuwa ba ta ci ba, domin ba don cizon mutum aka yi dokar tarayya ba. Kuma ko da yake karen da aka yasar yana ɓarna, ana ganinsa, ana iya kama shi. Har ila yau, maciji ba ya sanin iyakar jiha in yana cikin akwati a bayan mota. Wanda aka ƙyanƙyashe a ƙasar ƙanƙara kwana biyu ya ishe shi ya isa Miyami.

A kan wannan batu na ɗaukar maciji daga jiha zuwa jiha ne gwamnati ta sha ƙasa. Ƙungiyar masu kiwon dabbobi masu jan ciki ta Amurka ta shigar da ƙara a ƙarshen 2013. Hukuma ta daɗe tana fassara wata jimla da aka ƙara wa Dokar Lacey a 1960 da cewa ta hana ƙetare iyakar kowace jiha da dabbar da ke cikin jerin. A watan Afrilu na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta ce jimlar ba ta faɗi haka ba. Abin da ta hana shi ne jigila tsakanin babban yankin ƙasar da wurare irin su Hawai da Puerto Rico da gundumar babban birni; ba ta ce komai ba a kan jigila tsakanin jihohi 49 da suke kan nahiyar. Hanin shigowa daga ƙetare ya tsaya, amma rabin ƙarfin dokar ya zube saboda yadda aka jera kalmomi shekara 57 kafin nan. Ɗalibanmu masu karatun shari'a, da ma'aikatan da suke rubuta daftarin doka, su riƙe wannan.

Daga nan nauyin ya koma kan jihohi, kowacce da tata. New York ta riga ta hana ajiye manyan macizai a gida. Ohio ta yi doka a 2012, bayan wani mutum ya buɗe wa zakuna da damisoshinsa keji a garin Zanesville a 2011, ta ce mesar da ta kai ƙafa 12 sai da izini. Hawai ba ta yarda da kiwon maciji kowane iri ba, kuma tararta tana iya kai dala 200,000, domin ta ga abin da wani maciji ɗan hawa bishiya ya yi wa tsuntsayen tsibirin Guam bayan ya shiga can cikin kayan soja a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda maciji ya sari maƙwabcinsa ma, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Wasu jihohin kuwa kusan ba su ce komai ba. A Ingila, dokar dabbobi masu haɗari ta 1976 ta wajabta lasin a kan macizai masu mugun dafi da kadoji, amma ba ta sa mesa a ciki ba, kome girmanta.

Fulorida ta ƙara matse wuya a 2021. Ta mayar da dabbobi iri 16, har da manyan mesoshi da guzar Afirka, cikin jerin waɗanda aka haramta ajiyewa da kiwo don ciniki. Amma doka mai tsanani tana da nata haɗarin: wanda ya ji tsoron kamu yana iya rugawa da buhu bakin ruwa, a sami abin da ake gudu. Saboda haka tun 2006 jihar ta shirya ranakun afuwa, inda mutum zai kawo dabbarsa ya miƙa, ba tara, ba tambaya. A ganina wannan ya fi yawancin sauran dabarun ma'ana, domin shi kaɗai ne ya kalli ainihin lokacin da ɓarnar take faruwa, watau ranar da mai maciji ya gaji. Zartar da dokar kuma bai rasa abin kunya ba. A watan Afrilu na 2023 jami'an hukumar namun daji ta jihar suka kashe mesa fiye da 30 a wani ɗakin ajiya kusa da Miyami, suka haɗa bisa kuskure da wata bowa mai ciki, wadda doka ba ta hana ba. An ɗauki hoton abin, ya bazu, kuma ya ba masu adawa da dokar abin faɗa na shekaru.

Farauta

Doka ta rufe ƙofar shigowa, amma ba ta da abin da za ta ce wa waɗanda suka riga suka shige ciyawa. Ba wanda ya iya ƙirga su. Masana suna cewa dubun-dubata ne aƙalla. Wahalar ita ce ganinsu. Mesa mai ƙafa 12 tana iya kwanciya cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, gwanin mafarauci ya wuce ta da taku biyu bai sani ba. A 2013 jihar ta shirya gasar kamun mesa ta wata guda. Mutum wajen 1,600 suka rubuta suna, aka kama 68. A 2017 aka fara ɗaukar mafarauta aiki, ana biyansu kuɗin awa da ƙarin lada gwargwadon tsawon abin da suka kawo. A shekarar nan aka ɗauko mutum 2 daga ƙabilar Irula ta kudancin Indiya, waɗanda kamun maciji gadonsu ne. Ba su da wata na'ura sai ido da ƙarfen tono, suna bin sawu da saɓa, amma cikin kwanakinsu na farko suka fito da 13, har da wata mace mai ƙafa 16. Wata dabarar kuma ita ce a dasa wa namiji na'urar bin sawu a sake shi lokacin barbara, shi zai kai mafarauta wurin manyan mata. Ta haka aka kama wata a watan Disamba na 2021 mai nauyin kilo 97, tsawonta kusan ƙafa 18, da ƙwai 122 a cikinta, da ragowar kofaton barewa. A 2023 aka kama mai ƙafa 19.

Daga 2000 zuwa 2024 an fitar da fiye da 20,000 daga daji. Gasar 2024, wadda babbar kyautarta dala 10,000 ce, ta kawo 195. Naman ma ba ya ciwuwa, don an sami zaiba mai yawa a cikinsa, har hukumar lafiya ta jihar ta gargaɗi jama'a. Daɗin daɗawa, mesar ta zo da wata tsutsar huhu daga Asiya wadda ta kama macizan ƙasar na asali, ta bazu har inda mesar ba ta kai ba. A 2023 hukumar binciken ƙasa ta tattara duk abin da aka sani a rahoto guda, ta ce da kayan aikin da ake da su, da wuya a iya kawar da ita daga kudancin Fulorida. Abin mamaki kuma, a gidanta na Asiya, inda ake farautarta don fata da nama, tun 2012 aka sa ta cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu.

Inda abin ya taɓa mu

Biyu daga cikin macizai 4 da aka fara hanawa a 2012 'yan Afirka ne, kuma ɗaya ita ce mesar da muka sani a fadamunmu da bakin kogunanmu, wadda dukawa suke yin jaka da takalmi da fatarta. Ita ce ta yi ɓarnar da ta girgiza ƙasar Kanada a watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na lardin New Brunswick. Wasu yara biyu wa da ƙane, ɗan shekara 6 da ɗan shekara 4, sun je kwana a wani gida da ke saman kantin dabbobi. Mesa mai nauyin kilo 45 ta fita daga ɗakinta ta bututun iska, ta faɗo daga rufi inda suke barci, ta kashe su. Lardin bai yarda a ajiye irinta ba sai da izini na musamman. Kotu ta wanke mai gidan daga laifin sakaci a 2016, lardin kuma ya yi sabuwar doka a 2017.

Afirka ta Yamma kuma tana cikin manyan masu cika kantunan. Daga Gana da Togo da Jamhuriyar Benin an fitar da miliyoyin wata ƙaramar mesa, wadda take dunƙulewa kamar gammo in ta tsorata, irin wadda ake girmamawa a ɗakin tsafi na garin Wida. Ita ba ta cika wuce ƙafa 5 ba, don haka yawancin dokokin da muka ambata ba su hau kanta ba, sai dai yawan kwasarta da ƙwanta daga daji ya sa masana sun fara nuna damuwa. Cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ita. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ita ce ta shigar da yarjejeniyar cikin dokokinmu, kuma ta sa mesa cikin dabbobin da ta kare. Watau dabba ɗaya ce, a nan doka tana tsare ta daga mutane, a can tana tsare daji daga gare ta. Abin da ya haɗa dokokin biyu shi ne akwatin da yake bi ta filin jirgin sama, da jami'in da aikinsa ne ya buɗe shi.

Mesar tamu ma ta taɓa ƙasa a Fulorida. Tun farkon shekarun 2000 aka fara tsintarta a wani ɗan yanki na yammacin Miyami, dab da bakin Everglades, kuma a 2009 aka sami manya da ƙanana, har da mace mai ƙwai, abin da ya nuna tana haihuwa a wurin. A 2013 wata mai ƙafa 10 ta kashe wani babban kare a bayan gidan masu shi. Bambancinta da ta Bama shi ne an farga da wuri, kuma yankin da take ciki bai wuce 'yan murabba'in mil ba. Saboda haka daga 2010 jami'ai suka riƙa bin wurin a ƙafa lokacin sanyi, suna duba gefen magudanan ruwa da safe, sa'ad da macizan suke fitowa shan hantsi.